Jiragen Yaƙin Ruwa Zubin Fletcher: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsu da Kayan Gyaransu

A shekarar 2001 rundunar sojan ruwan Meziko ta sallami wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Cuitláhuac daga aiki. A 1943 ya fara aiki, shekara 58 ke nan. Shi ne na ƙarshe da ya bar aiki cikin jirage 175 da Amurka ta ƙera a zubi ɗaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira zubin Fletcher. Tambayoyin da ke ƙasa sun taɓo yadda aka ƙera su da yaƙin da suka yi, amma sun fi daɗewa a kan abin da ya fi ɗaure wa mutane kai: ta yaya injin da aka haɗa cikin gaggawar yaƙi ya ci gaba da tashi bayan masana'antun da suka yi shi sun daina ƙera ko noti ɗaya nasa?

Wane irin jirgi ne wannan, kuma me ake nufi da zubi?

Sojan ruwa suna kiran irinsa distiroya. Jirgi ne siriri, mai gudu, wanda aikinsa rakiyar manyan jirage da kare su daga jiragen sama da jiragen ƙarƙashin teku, sannan idan dama ta samu ya kai farmaki da tofido, wato bam ɗin da ke ninƙaya a cikin ruwa da injinsa har ya daki cikin jirgin abokan gaba. Ƙarfen jikinsa ba kauri, shi ya sa ma'aikatansa suke yi masa laƙabi da gwangwani.

Zubi kuwa shi ne a zana jirgi sau ɗaya, a yi ta ƙera irinsa a kan wannan zanen, a kira su duka da sunan na farko a lamba. Na farkon a nan shi ne USS Fletcher, wanda ya ci sunan Admiral Frank Friday Fletcher. Amma wanda ya riga kowa kama aiki USS Nicholas ne, ranar 4 ga Yuni 1942.

Yaya girmansa, kuma me yake ɗauke da shi?

Tsawonsa kusan mita 115, faɗinsa mita 12, nauyinsa tan 2,050 kafin a cika shi da mai. Lokacin yaƙi mutum fiye da 300 ne suke cunkushe a ciki. Yana da igwa biyar masu baki inci 5, da bututun harba tofido guda 10, da ƙananan bindigogin kakkaɓo jirgin sama na Bofors masu milimita 40 da na Oerlikon masu milimita 20, sai bama-baman da ake jefa wa jirgin ƙarƙashin teku.

Tururi ne ke tafiyar da shi. Tukwane huɗu suna ƙona baƙin mai suna tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya juya injina biyu, su kuma su juya farfela biyu da ƙarfin doki 60,000. Idan aka sake masa linzami yana wuce kilomita 65 a awa. An jera ɗakunan ne a tsallake: ɗakin tukwane, ɗakin inji, wani ɗakin tukwane, wani ɗakin inji. Hikimar ita ce idan bam ya cika rabin gaba da ruwa, rabin baya zai iya jan jirgin ya kai gida.

Me ya sa aka yi har 175?

Yarjejeniyoyin da manyan ƙasashe suka ƙulla tsakanin yaƙe-yaƙen biyu sun taƙaita girman irin waɗannan jirage. Zubin Fletcher shi ne na farko da Amurka ta zana bayan wannan takunkumi ya kau, don haka ya samu wurin ɗaukar mai da makamai da yawa, abin da faɗin tekun Fasifik yake buƙata. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, babu lokacin tsayawa sabon zane. Aka raba aikin ga masana'antu 11, daga Bath a jihar Maine da Kearny a New Jersey har Orange a Texas da Seattle a gabar yamma. Ma'aikaci a Maine da ma'aikaciya a Texas suna duba takardar zane iri ɗaya. A riƙe wannan, domin a kansa duk zancen kayan gyara zai tsaya.

A ina suka yi suna?

Kusan duk yaƙinsu a Fasifik suka yi shi, daga tsibiran Solomon har bakin Tokyo. A Nuwamba 1943, Kyaftin Arleigh Burke ya jagoranci guda biyar a gumurzun Cape St. George, suka nutsar da jiragen Japan uku ba tare da sun rasa ko ɗaya ba.

Ranar da ba a mantawa ita ce 25 ga Oktoba 1944, a gabar tsibirin Samar na Filifin. Da sanyin safiya rundunar Japan ƙarƙashin Admiral Kurita ta ɓullo ba zato, da manyan jiragen yaƙi huɗu, ciki har da Yamato wanda ba a taɓa ƙera jirgin igwa da ya fi shi nauyi ba. A gabanta babu kowa sai ƙananan jiragen dakon jiragen sama shida marasa gudu, da 'yan rakiyarsu: Fletcher uku, wato Johnston da Hoel da Heermann, da wasu huɗu da ba su kai su girma ba. Ɗakin igwa ɗaya tak na Yamato ya fi Johnston ɗungurungum nauyi. Duk da haka Kwamanda Ernest Evans bai jira umarni ba. Ya juya Johnston ya nufi abokan gaba yana zuba hayaƙi don ya rufe waɗanda yake karewa, ya harba tofidonsa goma, ya fasa goshin jirgin Japan mai suna Kumano. An ragargaza ɗakin tuƙinsa, shi kansa ya ji rauni, ya koma bayan jirgi yana ba da umarni da baki ga mutanen da ke juya sitiyari da hannu. Johnston da Hoel sun nutse, mutum 186 suka mutu a Johnston kaɗai, har da Evans. Amma Kurita ya juya ya koma. A 2021 aka tabbatar da gawar Johnston a zurfin kusan mita 6,460, lambarsa 557 tana nan raɗau a jikinsa.

Nawa aka rasa?

Guda 19 suka nutse a yaƙin, wasu 6 kuma suka lalace har aka ga gyaransu asara ne. Mafi muni shi ne Okinawa a 1945, inda aka jera su can gaba da na'urar hango jiragen sama don su yi gargaɗi, sai suka zama su ne farkon abin da matuƙan ƙunar baƙin wake na Japan suke gani. Ba duka ne abokan gaba suka kashe ba: guguwar teku ce ta kifar da USS Spence a Disamba 1944.

Da aka gama yaƙi, ina aka kai sauran?

Yawancinsu ajiya aka kai su a 1946 da 1947. Ajiyar ba ta yasarwa ba ce. An zuƙe mai, an shafe injina da giris, an toshe kowace kafa, an kifa wa bindigogi murfi, an sa na'urar da ke tsotse laima daga iskar ciki, sannan aka ɗaure su gefe da gefe a tashoshi. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 aka kwance da yawa suka koma aiki. An mayar da 18 masu farautar jirgin ƙarƙashin teku, wasu kuma sun kai har yaƙin Biyetnam. Waɗanda ba a taɓa kwancewa ba su ne suka zama rumbun kayan gyara, domin kowane ɗaya yana ɗauke da tukwane huɗu da injina biyu da ɗaruruwan famfuna da bawul waɗanda 'yan shekaru kaɗan suka yi aiki.

Waɗanne ƙasashe suka karɓe su?

Ƙasashe 14, wasu aro wasu saye, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1970: Ajantina, Barazil, Chile, Kolambiya, Meziko, Peru, Girka, Italiya, Sifaniya, Jamus ta Yamma, Turkiyya, Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan. Jamus ta Yamma ta karɓi shida tsakanin 1958 da 1960, ba ta ma raɗa musu suna ba sai lamba, Z-1 zuwa Z-6. Abin al'ajabi shi ne na Japan. Jirage biyu da ta karɓa a 1959 ta sa musu Ariake da Yugure, su ne Heywood L. Edwards da Richard P. Leary, waɗanda suka harba wa rundunar Japan tofido a mashigin Surigao na Filifin shekara 15 kafin nan.

To daga ina waɗannan ƙasashe suke samun kayan gyara?

Da farko daga ɗakunan ajiyar sojan ruwan Amurka. Kowane ƙarfe a jirgin yana da lamba a littafi, ka aika lambar a aiko maka. Muddin Amurka tana aiki da nata, wannan hanya a buɗe take. A 1972 ta sallami na ƙarshe, daga nan kaya suka fara yankewa.

Sai aka koma ga abin da duk wanda ya taɓa zagaya Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sani: a sayi matacciyar mota don a raya mai rai. A 1974 Peru ta sayi La Vallette da Terry, Chile ta sayi Charles J. Badger, ba don su tashi ba, don a farke su. Italiya ta karɓi USS Taylor a 1969 ta sa masa Lanciere, ba a yi shekara biyu ba ta tsayar da shi, aka riƙa cire kayansa ana ɗora wa 'yan uwansa Fante da Geniere. Wannan Taylor ɗin yana cikin jirage uku da aka zaɓa suka raka babban jirgin yaƙin Amurka Missouri zuwa gabar Tokyo a 1945 saboda bajintarsu. Jamus ta yi wa Z-1 haka bayan 1972, ragowar gangar jikin aka yi gwajin tofido a kanta a 1979. Da ta tashi rabuwa da sauran a farkon shekarun 1980, Girka ta kwashe huɗu: biyu suka ci gaba da aiki da sunan Kimon da Nearchos, biyu aka ciyar da su ga rundunar.

Akwai kuma gado daga ƙannensu. Zubin Allen M. Sumner da zubin Gearing da suka biyo baya, sama da jirage 150, injinansu kusan iri ɗaya ne da na Fletcher. Igwa mai inci 5 kuwa kusan babu babban jirgin Amurka na zamanin da ba ya ɗauke da ita. Don haka famfon da aka cire daga jirgin da ba Fletcher ba ma yakan zauna daram.

A ganina wannan shi ne sirrin tsawon ransu, fiye da kyan zane. An yi jiragen da suka fi su ƙarfi a wasu ƙasashe, amma guda huɗu ko takwas, da kaya suka ƙare sai aka kai su wurin 'yan gwangwan. Wanda yake da 'yan uwa 174 bai rasa mai ba shi aro.

Waɗanne kaya ne suka fi wahalar samu?

Ba manyan ba ne, kamar yadda mutum zai zata. Farfela da sandar da ke juya ta da manyan giya suna daɗewa ƙwarai idan ba su rasa mai ba. Masu cin rai su ne waɗanda wuta da gishiri suke ci kullum.

Tukunyar tururi tana da dubban siraran bututu da wuta ke lasa ta waje, ruwa na tafasa ta ciki, zafin tururin ya wuce digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Da gishiri ya ɗan shiga ruwan, bututu zai fara cinyewa ta ciki har ya fashe. Ana iya toshe ɗaya ko biyu a ci gaba da tafiya, amma kowane toshi ragin ƙarfi ne. Tubalin da ke jure wuta a cikin murhun shi ma yana farfashewa. Ga na'urar da ke tace ruwan teku ya zama mai daɗi, ga wadda ke mayar da tururi ruwa, dukkansu bututu ne a cikin ruwan gishiri. Sai ƙananan abubuwa: boris, gasket, bawul, abin auna matsi. Kuma duk a ma'aunin inci aka yi su, alhali Jamus da Girka da Italiya da milimita suke aiki, noti na kasuwa ba zai hau ba.

Ɓangaren lantarki ya fi tsufa da wuri. Rediyo da na'urar hango jirage suna aiki ne da ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin akwatunan rediyo, waɗanda masana'antu suka yi ta daina yi. Na'urar saita igwa kuwa kwamfuta ce ta ƙarfe zalla mai suna Mark 1A, nauyinta ya fi tan ɗaya, cike da haƙoran giya da sanduna masu lissafa gudun jirgi da nisan abin hari da kaɗawar teku. Idan haƙori ɗaya ya cinye, lissafi ya karkace. Gyaranta sai wanda ya yi shekaru a kanta, kuma irin waɗannan mutane ba a ajiye su a rumbu kamar famfo.

Ba za a iya ƙera sababbi ba?

Ana yi, kuma an yi. Kowane jirgi yana da ɗan ɗakin maƙera da injin sassaƙa ƙarfe, tashoshin sojan ruwa kuma suna da manya. Noti, sanda, zobe, bututu, duk mai zane a hannu zai fitar da su. Inda abin ya gagara shi ne kayan da sai an narka ƙarfe na musamman an zuba, ko fuka-fukan cikin injin da dole nauyinsu ya daidaita sosai saboda tsananin juyi. Masana'anta ba za ta kunna wuta don guda uku ba sai da kuɗi mai yawa, kuɗin da ya fi dacewa a tara a sayi sabon jirgi mai injin dizal wanda mutum kaɗan za su iya tafiyar da shi.

Najeriya ko wata ƙasar Afirka ta taɓa mallakar irinsu?

A'a. Amma tsarin bai ɓace ba. NNS Thunder da NNS Okpabana, waɗanda Najeriya ta karɓa a 2011 da 2014, tsofaffin jiragen tsaron gabar Amurka ne da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960. Duk ƙasar da ta karɓi irin wannan kyauta, tambayar da Girka da Peru suka fuskanta tana jiranta: 'yan uwan jirgin nawa suka rage a duniya, kuma a hannun wa?

Guda nawa suka rage yau?

Huɗu, dukkansu gidajen tarihi.

USS Kidd na birnin Baton Rouge ne a jihar Louisiana tun 1982. Shi kaɗai ne ba a taɓa zamanantar da shi ba, aka mayar da shi kamanninsa na Agusta 1945. Jirgin ƙunar baƙin wake ya dake shi ranar 11 ga Afrilu 1945, mutum 38 suka mutu. An gina masa wani gado na musamman a bakin kogin Mississippi, idan kogi ya cika ya yi iyo, idan ya janye ya zauna a busasshe har a ga farfelarsa. USS Cassin Young yana tashar Charlestown a Boston. USS The Sullivans yana Buffalo, sunan 'yan uwa biyar ne uwa ɗaya uba ɗaya daga jihar Iowa da suka mutu sakamakon nutsewar jirgin Juneau a Nuwamba 1942.

Na huɗu na Girka ne, Velos, ma'ana kibiya, wanda a da shi ne USS Charrette. Ba don yaƙin Fasifik Girkawa suka adana shi ba. A Mayu 1973, ana tsakiyar atisayen ƙungiyar NATO, kwamandansa Nikolaos Pappas ya fice daga sahu ya kai jirgin Fiumicino a Italiya, ya nemi mafaka tare da wasu mutanensa, don duniya ta san cewa akwai sojan da ba su yarda da mulkin sojan da ke Atina ba. Gwamnatin ta faɗi a 1974, Pappas ya dawo har ya zama shugaban rundunar sojan ruwa. An sallami Velos a 1991, ya zama gidan tarihi a 1994.

Su gidajen tarihin, daga ina suke samun kaya?

Shekaru da dama hanyarsu ita ce izinin da hukuma ke bayarwa su shiga tsofaffin jiragen da aka yanke wa hukuncin yanka. 'Yan sa-kai, yawancinsu tsofaffin sojan ruwa da 'ya'yansu, sukan je da sifana da tocila su kwana biyu ko uku a cikin duhu suna kwance fitilu, wayoyin magana, gadaje, agogon matsi, har da kwanukan cin abinci. Gidajen suna musaya a tsakaninsu ta ƙungiyar jiragen tarihi, ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan gwangwani mai suna Tin Can Sailors kuma tana ba da tallafin kuɗi. Wani lokaci iyalin tsohon soja ne za su kawo abin da ya ajiye a akwati tun 1945.

Wannan rijiya ta kusa ƙafewa. An yi yunƙurin dawo da Cuitláhuac Amurka a adana shi, kuɗi ba su taru ba, aka yanka shi a Meziko wajen 2011. Bayansa babu sauran Fletcher da za a cire wa komai. Abin da ya ɓace yanzu sai dai a auna na wani jirgin a ƙera kwafinsa.

Me ya fi yi musu barazana?

Tsatsa, musamman daidai inda ruwa da iska suke haɗuwa a jikin jirgi. Ƙarfen da aka yi siriri don gudu, aka yi masa lissafin shekara ashirin, yanzu ya haura tamanin. A Afrilu 2022 jikin The Sullivans ya huje, ruwa ya shiga, ya kwanta gefe ɗaya a inda yake ɗaure, sai da aka yi makonni ana zuƙe ruwa masu ninƙaya suna toshe ramuka kafin ya miƙe. Toshi na ɗan lokaci ne. Maganin gaskiya shi ne a ja jirgi zuwa tashar da ake janye ruwa, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a yi waldar sabo, a yi fenti, aikin miliyoyin daloli. Don haka aka ja Kidd daga Baton Rouge zuwa Houma a Afrilu 2024.

Akwai wanda zai iya tashi da ƙarfin kansa?

Babu. Tukwanensu sun yi shekaru aru-aru a sanyaye, kuma hura wuta a tukunyar da ba a tabbatar da kowane bututunta ba kasada ce da rayukan mutane. Bututun tururin naɗe suke da asbesto mai cutar da huhu idan aka tayar da ƙurarsa. Ko an shawo kan waɗannan, ana buƙatar mutane da dama da suka san sautin kowane famfo da launin wutar murhu, waɗanda suka rage a cikinsu kuma tsofaffi ne. Idan ɗaya daga cikin huɗun zai motsa yau, ƙananan jiragen ja ne suke kama shi gaba da baya, farfelarsa a tsaye.